Ashe makabarta muka je

Tun da muka dawo daga Hawai nake ta cewa zan zauna in rubuta wannan abun, amma duk sanda na ɗauko waya sai in rasa ta inda zan fara. Yau dai nace ko ta yaya sai na rubuta kafin ƙananan abubuwan su fara ɓace min.

Yayana ne ya tsara tafiyar, ni da shi da ɗansa mai shekara 9. Kwana biyar muka yi a Honolulu, kuma gaskiya a lissafina Pearl Harbor, tashar jiragen yaƙin Amurka da ke can, tana cikin jerin wuraren da ake zuwa ne kawai a ɗau hoto a wuce, tsakanin bakin teku da hawa dutsen Diamond Head. Na san sunan, na san Japan ta kai hari, shikenan iyakar sanina. Yaya shi ne mai son tarihin yaƙe-yaƙe, tun makonni kafin mu taso ya shiga intanet ya kama mana gurbi, don shiga wurin kyauta ne amma kwale-kwalen da ke kai mutum kan jirgin yaƙin Arizona da ya nutse a harin sai ka yi bukin, dala 1 ake biya na kama gurbin. Da asuba ya ƙwanƙwasa min ƙofa yace “Auta ki bar jakar nan a ɗaki, ba a shiga da ita.” Na ɗauka wasa yake, ashe da gaske ne, ba a shiga da jaka kowace iri in dai za a iya ɓoye abu a ciki, sai dai ka biya a ajiye maka a bakin ƙofa. Waya da gorar ruwa kawai na riƙe.

Abu na farko da ya bani mamaki shi ne kyawun wurin. Ruwa kwance luf, duwatsu kore shar a baya, iska mai daɗi, ga bishiyoyin kwakwa. 'Yan asalin tsibirin suna kiran wurin Pu'uloa tun kafin sojan ruwan Amurka su san da shi, wasu kuma Wai Momi, wato ruwan lu'ulu'u, saboda kawar da ake samu a ciki a da. Har yau kuma sansanin soja ne mai aiki, kana tsaye kana hango jiragen yaƙi na zamani masu launin toka a ɗaya gefen. A harabar an girke ankar Arizona, wani jibgegen ƙarfe da ya fi tsayin mutum biyu, yara sai zagaye shi suke, ga kuma ƙararrawar jirgin a rataye.

Akwai ɗakunan tarihi guda biyu, kuma na ji daɗin yanda ba su fara labarin daga ranar harin ba, sun koma baya sun nuna abun da ya kawo shi. Japan na yaƙi a ƙasar Sin tun 1937, a 1941 ta mamaye kudancin yankin Indochina da ke hannun Faransa, sai Amurka ta daskarar da dukiyarta ta kuma rufe mata famfon mai, alhali mafi yawan man da Japan ke amfani da shi daga Amurkan yake zuwa. To mai yana can tsibiran da yanzu ake kira Indonesiya, kuma shugabannin Japan sun san in suka miƙa hannu can rundunar ruwan Amurka da ke Hawai za ta tare su, shi ne Admiral Yamamoto ya tsara a karya rundunar tun tana kwance a tasha. Jiragen dakon jiragen sama guda 6 suka taso a ɓoye, suka tsaya arewa da tsibirin, suka saki jirage 353 a zubi biyu. Ranar Lahadi ce, 7 ga Disamba 1941, gab da ƙarfe 8 na safe, wasu na karyawa, wasu na shirin zuwa coci, wasu ma ba su tashi barci ba.

Abun da ya tsaya min a rai a nan shi ne an ga alamu. Fiye da awa ɗaya kafin harin wani jirgin Amurka mai suna Ward ya harbi ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan a bakin mashigar, ya kuma aika rahoto. Wasu sojoji biyu a tashar rada ta Opana suka ga tarin jirage na tahowa, suka buga waya, aka ce musu kar su damu don ana jiran jiragen Amurka ƙirar B-17 daga Kalifoniya a wannan safiyar. Na daɗe tsaye gaban wannan bayanin ina tunanin jami'in da ya faɗi hakan, yanda ya rayu da maganar nan sauran kwanansa. Cikin ƙasa da awa biyu an kashe Amurkawa 2,403, 68 daga ciki farar hula ne, Japan kuma ta rasa jirage 29. Washegari shugaba Roosevelt ya je majalisa aka shelanta yaƙi.

Duk wannan na karanta shi ne kamar yanda ake karanta darasi. Mun kalli ɗan gajeren fim na minti ashirin da wani abu, sannan aka jera mu zuwa kwale-kwale. Sojojin ruwa ne ke tuƙa shi cikin fararen kaya, samari da 'yan mata, wasu in ka gansu kace yanzu suka gama sakandare. Kafin mu tashi ɗaya daga cikin ma'aikatan ta roƙe mu mu rage murya in mun isa, tace inda za mu kabari ne. Na ji maganar amma bata shige ni ba tukuna. A hanya muna wuce wasu fararen tubalan siminti a cikin ruwa, kowanne an rubuta sunan jirgi da baƙi, West Virginia, Tennessee, Vestal, nan ne inda aka ɗaure kowannensu a safiyar.

Ginin tunawan fari ne fat, tsawonsa ƙafa 184, an gicciya shi a kan jirgin da ya nutse kamar gada ba tare da ya taɓa shi ba, tsakiyarsa ta lotsa, gefe da gefe sun ɗaga. Yana da manyan tagogi 21 a buɗe, babu gilas, bakwai kowane gefe bakwai a sama, iska na ratsa shi ta ko'ina. Muna taka ƙafa a kai sai naji hayaniyar ta mutu da kanta, mutum sama da ɗari amma ba abun da kake ji sai takun sawu da kaɗawar tuta da igiyarta na bugun sanda. Na leƙa ta taga.

Jirgin yana nan. Ban san me nake tsammani ba, ƙila na ɗauka yana can ƙasa nesa inda ido baya kaiwa, amma ga shi nan dab da saman ruwa, tsatsa ta cinye shi yayi ja-ja-ja, ciyawar ruwa ta lulluɓe shi, kifaye na shawagi a kai. Akwai wani ƙaton zoben ƙarfe da ya fito waje, gindin ɗaya daga cikin manyan igwoyinsa ne, ruwa na shiga yana fita. Jirgi mai tsawon ƙafa 608 da aka fara aiki da shi a 1916, can nesa an sa farin abu yana yawo a kan ruwa don nuna inda goshinsa ya ƙare, ta baya ma haka, sai da na bi su da ido sannan na gane girman abun da nake tsaye a kai.

Sai warin. Kafin in ga man na fara jin warinsa, irin na baƙin mai. Na sunkuya, ina kallo wani ɗan ɗigo baƙi kamar ƙwayar barkono ya taso daga ƙasa a hankali, ya iso saman ruwa ya fashe, ya bazu yayi launin bakan gizo, shuɗi da ruwan ɗorawa da shunayya, igiyar ruwa ta ja shi ya wuce ƙarƙashin ƙafafunmu. Ban ƙirga zuwa talatin ba wani ya sake tasowa daga daidai wurin. An cika tankunan jirgin da mai kwana ɗaya kafin harin, kuma tun daga ranar yake yoyo, shekara tamanin da ɗoriya kenan, ana ce masa baƙin hawayen Arizona. Ɗan Yaya ya ja min gefen mayafi, murya ƙasa-ƙasa yace “Gwaggo, mutanen fa, an fitar da su?” Nace a'a. Yace “suna ciki yanzu haka?” Nace eh suna ciki. Bai ƙara cewa komai ba, ya ja da baya daga bakin tagar ya riƙe hannuna, ni kuma a lokacin ne maganar ma'aikaciyar nan ta sauka a ƙirjina, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Da misalin 8:06 bam ya huda saman jirgin ta gaba ya isa ma'ajiyar albarusai, gaba ɗaya goshin jirgin ya tarwatse, wuta ta kwana biyu tana ci. Mutum 1,177 suka mutu a wannan jirgin kaɗai, kusan rabin duk wanda aka kashe a ranar, kuma sama da 900 ba a taɓa fito da su ba, aka bar su a inda suke aka ce nan ne makwancinsu. A tsakiyar ginin akwai rami a ƙasa da aka kewaye da ƙarfe, ta nan ake leƙa saman jirgin kai tsaye, wasu suna zuba furanni. Wata dattijuwa na gefena tana tsinke furen da ke wuyanta ɗaya bayan ɗaya tana sakewa cikin ruwan, bata bar zaren ya faɗa ba, ta naɗe shi a yatsa.

Ɗaki na ƙarshe shi ne ya gama da ni. Bango ne na farin mabul tun daga ƙasa har sama an sassaƙa sunayensu, ba hoto ba ado, suna da muƙami kawai, an jera bisa haruffa. Jerin haruffan nan shi ke sa ka ga abun da ba ka so ka gani, don sai ka ga sunan gida ɗaya sau biyu a jere, Yaya ya raɗa min cewa wa da ƙani ne, gida 23 ne suka rasa 'ya'yansu 'yan uwan juna a jirgin nan a safiya ɗaya. Akwai sunan Free sau biyu, Thomas da William, uba da ɗansa. 'Yan badujalar jirgin su 21 babu wanda ya tsira. Admiral Isaac Kidd da kaftin ɗin jirgin Franklin Van Valkenburgh suna cikin jerin, rubutun sunansu girmansa ɗaya da na ƙaramin soja. Na tsaya ina tuna uwar da aka kawo ma takarda aka ce duka biyun, Allah sarki, ina tsaye kusa da yayana uwa ɗaya uba ɗaya, sai na kasa kallonsa.

A ƙasan bangon akwai wani ɗan gajeren jeri daban wanda da farko ban gane shi ba, don shekarun da ke jikinsa na baya-bayan nan ne. Waɗanda suka tsira ne a ranar, suka rayu suka yi aure suka ga jikoki, da tsufa ya zo suka bar wasiyyar a mayar da su wurin abokansu. Masu nutso ke ɗaukar tokarsu a ɗan tulu su sauka da ita su ajiye a ramin gindin igwa ta huɗu. Sun haura mutum 40, ɗaya daga cikin na baya-bayan nan shi ne Lauren Bruner a Disambar 2019. Wanda ya rage na ƙarshe cikin duk waɗanda suka tsira, Lou Conter, ya rasu a Afrilun 2024 yana da shekara 102, don haka yanzu babu sauran mai numfashi da zai ce ina cikin jirgin nan a ranar. Ni dai wannan ɗan jerin ya fi babban bangon taɓa ni, mutum yayi shekara saba'in a doron ƙasa amma zuciyarsa na can ƙarƙashin ruwa tare da yaran da suka kwana ɗaki ɗaya.

A nan ne kuma raina ya ɗan ɓaci. Wasu matasa suka juya wa bangon baya suna selfi suna washe baki har da ɗaga yatsu biyu. Bana cewa kar a ɗau hoto, nima na ɗauka, kuma na san ba mugunta bace, yanda na zo da safe da tunanin yawon buɗe ido haka suma suka zo. Amma dan Allah in ka ga sunan matattu a bango ai ka san inda kake. Babu wanda yayi musu faɗa, shirun mutane ne kawai ya ishe su, suka sauke wayar.

Kwata ɗaya kacal ake baka a kai, kwale-kwale na gaba na isowa sai ku koma. A hanyar dawowa Yaya yake bani labarin wanda ya zana ginin, Alfred Preis, mutumin Ostiriya da ya gudo daga hannun 'yan Nazi ya samu mafaka a Honolulu, bayan harin kuma aka kama shi aka tsare a sansanin Sand Island na 'yan watanni don ana kallonsa ɗan ƙasar abokan gaba. Shi ne bayan shekara ashirin ya zana wa waɗannan mamatan makwanci, aka buɗe a watan Mayun 1962. Bayaninsa kan lotsawar tsakiyar shi ne faɗuwar farko, ɗagawar gefen kuma nasarar ƙarshe. Shi dai Preis an sake shi daga sansanin da wuri, amma a babban yankin Amurka mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan, mafi yawansu haifaffun Amurka, an kwashe su zuwa sansanoni daga 1942, ba don sun aikata komai ba.

Bayan azahar muka hau bas muka tsallaka gada zuwa tsibirin Ford inda jirgin Missouri yake, shi kam ana biyan kuɗin shiga. An ɗaure shi goshinsa na fuskantar Arizona kamar mai gadi. A kansa ne Japan ta sa hannu kan miƙa wuya a gaɓar Tokyo ran 2 ga Satumba 1945, an kafa wani zagayayyen tagulla a daidai inda teburin yake, kowa sai ya tsaya ya leƙa. Manyan igwoyi tara, ɗakunan kwana masu gado hawa-hawa da ko juyi da ƙyar za ka yi, kicin, ɗakin aski, ɗan Yaya ya dawo da walwalarsa yana ta hawa matattakala yana sauka. Ni abun da na riƙe a nan wata 'yar lotsawa ce a gefen jirgin, in ba a nuna maka ba ba za ka kula ba. Ran 11 ga Afrilu 1945 kusa da tsibirin Okinawa na Japan wani matuƙin Japan ɗan ƙunar baƙin wake ya afka wa jirgin, shi kaɗai ya mutu, aka tsinci gawarsa a kan jirgin. Kaftin William Callaghan ya bada umarni a yi masa jana'izar soja, wasu cikin ma'aikatan basu so ba amma aka kwana ana ɗinka tutar Japan, washegari aka lulluɓe shi da ita, aka harba bindiga, aka saka shi a teku. Mutumin da ya zo kashe su jiya-jiya. Ina ganin wannan kaftin ɗin ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yanda ake yi.

Haka ma Doris Miller, da na ga hotonsa da safe na kasa wuce shi. Baƙar fata ne daga Texas, a lokacin da sojan ruwan Amurka basa barin baƙar fata suyi komai sai hidimar ɗakin cin abinci da wanki, yana tattara kayan wanki a jirgin West Virginia aka fara ruwan bama-bamai. Ya ɗauki waɗanda suka ji rauni har da kaftin ɗinsu, sannan ya kama bindigar harbo jirgi da ba a taɓa koya masa ba ya dinga harbi. A Mayun 1942 Admiral Nimitz ya maƙala masa lambar Navy Cross, shi ne baƙi na farko da ya samu, a Nuwambar 1943 kuma ya mutu da aka nutsar da jirgin Liscome Bay da yake ciki. A 2020 aka sanar za a sa sunansa a sabon jirgin dakon jiragen sama. A jirginsa na West Virginia ɗin nan ne da aka ɗago shi bayan watanni aka tarar da gawar samari uku a wani ɗakin ajiya da ruwa bai shiga ba, da kalanda a gefensu sun yi ta soke kwanaki har zuwa 23 ga Disamba. Kwana 16 a cikin duhu. Wannan kam bana son in tsaya a kai.

Mun ga Japanawa da yawa a wurin, iyalai da tsofaffi, suna bin layi ɗaya da kowa, wasu na rusunawa gaban bangon. A Disambar 2016 ma firaministansu Shinzo Abe ya zo tare da Obama suka tsaya a wannan ɗakin, watanni bayan Obama ya je Hiroshima.

Abu na ƙarshe da muka shiga shi ne Bowfin, jirgin ƙarƙashin ruwa da ke kusa da ƙofar fita, an saka shi a ruwa ran 7 ga Disamba 1942, shekara ɗaya cif bayan harin, shi yasa ake masa laƙabi da mai ɗaukar fansar Pearl Harbor. Ciki matsatsi ne, ƙofofin sai ka duƙa ka ɗaga ƙafa, gadaje a saman tofido, wato bama-baman da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa, ɗan Yaya yace duk a ranar shi yafi burge shi, har sai da babansa ya saya masa farar hular sojan ruwa a shagon wurin. Da dare a masauki na kasa barci, na ɗauki waya ina karanta tarihin jirgin. A watan Agustan 1944 Bowfin ya harbi wani jirgin Japan mai suna Tsushima Maru da daddare, ma'aikatansa basu san me ke ciki ba, ashe yara 'yan makaranta ne ake kwashewa daga Okinawa don a tserar da su daga yaƙi. Sama da mutum 1,400 suka mutu, kusan 780 daga ciki yara ne, suma jirginsu na can ƙasan teku ba a ɗago shi ba. Innalillahi. Ɗazu-ɗazu na dafa bututun da aka harba tofidon ta ciki.

Na tashi na leƙa ɗakin su Yaya don in faɗa masa, na tarar yana sallar isha'i bai idar ba. Yaron yayi barci a kan kujera bakinsa a buɗe, hular nan tana kansa bai yarda an cire ba. Na zauna gefensa na zare hular a hankali na gyara masa wuya, na jira Yaya ya sallame.